Gyaran Da Aka Yi A Ɓoye

Akwai wasu aminai biyu mata da suka haɗa hannu suka buɗe shagon ɗinki a bakin wani titi, tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran waya. Ɗaya ce ke yanka, ɗaya ke ɗinki, shi ya sa masu kawo kaya suka laƙaba musu Almakashi da Allura, har sunayensu na gaskiya suka kusa ɓacewa.

Almakashi baki gare ta, ga dariya, ga alfahari da idonta. Takan kalli mace sau ɗaya ta ce, "Ajiye tef ɗin nan, na riga na auna ki." Allura kuwa shiru-shiru ce, kullum kanta a sunkuye kan keke.

Lokacin da mijin Allura ya rasu ta kulle kanta a ɗaki, Almakashi ce ta zo ta kinkimi kekenta ta ce, "In kina son kayanki, ki biyo ni." Haka shagon ya samu. Allura ba ta taɓa manta wannan ranar ba, kuma babu abin da take tsoro a duniya kamar ta ɓata wa wannan matar rai.

Wata rana Allura ta ɗauki hannuwan wata riga za ta haɗa, sai ta ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta kalli ƙawarta, ta gan ta tana raha da mai kaya. Sai ta datse mai tsawon a hankali, ta tura guntun ƙarƙashin keke da ƙafa.

"Kuskure ne, kowa yana yi," ta ce a ranta.

Amma abin bai tsaya ba. Yau wuya ya karkace, gobe an yanka a gefen layin alli, jibi an haɗa baƙin ƙyalle da shuɗi mai duhu. Sannan ta lura Almakashi ta fara kai yadi kusa da fuska, tana tsuke ido, tana ƙorafin cewa ƙwan fitilar shagon ya tsufa.

Allura ta gane. Idon ne.

Ta yi niyyar magana. Ta shirya kalmomin a hanya, ta sake shirya su a bakin ƙofa. Tana shiga sai ta tarar Almakashi tana ce wa wata, "Ni da ido na ci abinci, ranar da ya gaza ranar zan ajiye almakashi in koma gida in zauna." Nan Allura ta fasa maganar. Washegari ta sayo ƙwan fitila mai haske ta ɗaura.

"Kin gani ko?" in ji Almakashi. "Na ce miki fitilar ce."

"Ita ce," in ji Allura.

Daga nan hutu ya ƙare mata. Ta koma zuwa shago da sassafe kafin kowa, tana shimfiɗa yankan jiya, tana sake aunawa. Inda ya yi yawa ta rage, inda ya gaza ta ci daga cikin ɗinki ko ta ɓoye ƙari a hammata. Kunnenta na bakin ƙofa. Da ta ji takun ƙawarta sai ta ninke komai ta mayar yadda ta same shi, ta ɗora ruwan shayi.

Mai magani ya fara yi mata tsiya. "Maƙwabciya, ko dai kin sayar da gidan ne kin dawo shago da zama?"

Ta yi murmushin yaƙe. Abinci ya daina shiga. In ta zauna sai ta miƙe, in ta miƙe ta rasa abin da ta tashi yi. Ƙarar almakashi a kan tebur, wadda a da take ji kamar kiɗa, yanzu kowane "ƙyas" sai gabanta ya faɗi. Har ta fara jin haushin dariyar ƙawarta, sannan ta ji kunyar haushin.

Ana cikin haka wata malamar makaranta ta shigo da ƙunshi a rungume. Ta kwance shi a hankali: yadi ne mai ruwan toka da furanni masu tsayi, duk suna kallon sama.

"Na mahaifiyata ne, Allah ya ji ƙanta," in ji malamar. "Ta ajiye ba ta samu ta ɗinka ba. 'Yata za ta karɓi shaidar kammala karatu, ina so ta sa shi. Babu irinsa a kasuwa yanzu, don Allah a lallaɓa."

Bayan ta fita, Allura ta kai hannu kan yadin. "Ƙawata, bari in yanka wannan, ki huta."

Almakashi ta kwashe da dariya. "Ke? Yaushe allura ta fara yanka? Ko so kike ki ƙwace min suna, 'yar nema?"

"Wasa nake," in ji Allura, ta janye hannunta.

Ta koma kan keke tana taka shi babu komai a ƙarƙashin allurar, tana jin almakashi yana tafiya a bayanta. Ba ta waiwaya ba.

Da sassafe ta shimfiɗa yankan. Furannin bayan rigar suna kallon sama, na gaba duk sun kifa ƙasa. Ta juya ƙyallen, ta sake juyawa, ta duba ragowar yadin. Bai kai ko hannu ɗaya ba. Wannan karon babu ɗinkin da zai ɓoye shi.

Ba ta ji takun ba. Sai dai ta ji murya a kanta.

"Me kike yi da yankana?"

Almakashi ta ajiye jaka, ta ɗauki gaban rigar. Ta kai shi kusa da fuska har ya kusa taɓa hancinta, ta bi fure ɗaya da yatsa. Ta daɗe a haka. Sannan idonta ya sauka kan kwandon da ke ƙarƙashin keke, ta jawo shi ta zazzage. Guntayen hannuwa da wuyoyi suka zube, kala-kala, na watanni.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in canza fitila."

"Kullum?"

Allura ta gyaɗa kai. "Ban so ranki ya ɓaci ba."

Almakashi ta zauna a kan kujerar masu jira. Muryarta ta yi ƙasa, abin da Allura ba ta taɓa ji ba.

"Kin san na ji hazo a idona? Na ji. Baban yara ya yi ta fama in je asibiti. Na ce masa, in da idona ya lalace ai da an fara dawo min da kaya, kuma da ƙawata ta faɗa min, ita da take haɗa duk abin da na yanka. Ke ce shaidata. Kullum in na ga riga ta fita lafiya sai in ce ashe ƙalau nake."



Da malamar ta zo, Almakashi ba ta bari Allura ta ɗauki laifin ba. Ta ce, "Ni na yanka, idona ne ya gaza, ki yafe min." Malamar ta shafa furannin da suka kifa, hawaye ya cika mata ido. Ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe kayanta ta fita, kuma ba ta sake dawowa ba.

Da Almakashi ta je asibiti, likita ya ce ciwon irin mai cin ido a hankali ne. Na hagu ya riga ya yi nisa, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na dama za a iya riƙe shi da magani. Ya ƙara da cewa da an zo da wuri, da labarin ya bambanta.

Almakashi ta daina zuwa shago. Allura ta kira, ba a ɗauka ba. Ta je gidan, maigidan ya fito ya ce, "Ki yi haƙuri, ki ba ta lokaci." Ta dawo ta zauna tsakanin keke da teburin yanka, tana ɗaga kai duk lokacin da inuwa ta gifta ƙofa. Kullum ta dafa shayi kofi biyu, ɗaya ya huce a wurin.

Sai wata safiya labule ya ɗaga. Almakashi ce, da tabarau mai kauri a fuska.

"Ban huce ba," ta ce, "zaman gida ne ya ishe ni. Daga yau ke za ki yanka, ni zan tsaya a kanki in koya miki, don na san hannunki a almakashi abin tausayi ne. Masu kaya kuma ki bar min su, bakina lafiyarsa lau."

Ta juya za ta rataye jaka. Nan Allura ta ga mayafinta a baibai yake, ɗinkin kalmasa a waje. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba, hannunta ya riga ya tafi zai juya shi a hankali kamar mai kaɗe ƙura, yadda mai shi ba za ta lura ba.

Sai ta tsaya. Ta sauke hannun.

"Ƙawata," ta ce, "mayafinki a baibai kika yafa."

Almakashi ta tsaya cak. Ta shafa bakin mayafin, ta ji ɗinkin. Ta kalli Allura ta cikin tabarau.

"Haka na ratso titi guda, babu wanda ya ce uffan," ta ce. Ta cire shi ta juya da kanta. "To, miƙo shayin. Kuma tunda yau ranar gaskiya ce, sukarinki yana yawa. Tun ranar da muka buɗe shagon nan yake yawa."

Darasi: Rufa wa aboki kuskurensa a ɓoye ba kullum ne alheri ba, wani lokaci kana ɗauke masa alamar da za ta cece shi ne. In kuna sana'a tare, ku faɗa wa juna gaskiya da wuri, cikin taushi, tun tana da amfani. Ɓacin ran yini ɗaya yana wucewa, amma abin da shiru ya cinye ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa aminanku da abokan sana'arku, wataƙila akwai mai riƙe da wata magana da ya kamata ya faɗa yau.