Fayil Marar Tsaga da Besfar Alhaji Tanimu

Ku matso, masu gardama, ga taku ta samu.

A Sabon Garin Zariya an yi wata Hajiya Lantana, matar marigayi Alhaji Tanimu mai ɗab'i. Da kunnenta ya soma nauyi, sai ta tuna mijinta ya taɓa naɗar muryarsa a kwamfuta tun zamanin faifan fulofi. Ta tara 'ya'yanta uku ta ce, "Wanda ya jiyar da ni muryar ubanku kafin kunnen nan ya rufe, Besfarsa ta zama tasa."

Sallau, wanda ko murfin kwalba ba ya yarwa, ya shiga ɗakin kaji ya fito da kwamfutar da faifan. Shekara ashirin ana ce masa sarkin bola, ran nan har da gyara hula. Aka kunna kwamfutar, ta yi tari, ga fayil mai suna Lantana. Amma ta ƙi buɗe shi.

Kun san irin waɗannan kwamfutocin dattijai ne, ba sa gane fayil sai da tsaga: haruffa huɗu a ɓoye masu faɗin jinsinsa, huɗu masu faɗin manhajar da ta haife shi. Shi kuwa wannan, garin kwafe-kwafe, tsagar ta goge.

Tanko mai gyaran waya ya leƙa cikin fayil ɗin, ya karanta haruffan farko kamar mai duba haƙoran rago. Ya ce, "Sauti ne, Inna." Ya mayar masa da tsagar jinsi. Kwamfuta ta ce ta ji, amma ɗan gidan wa?

Jummala, wadda ta yi wa uban aikin buga takardu shekara tara, ta ture shi. "Kauce, injiniyan caja." Ta rufe ido, yatsunta suka tuna haruffa huɗun manhajar da kanta ya manta, suka buga su.

Sai ga muryar Alhaji garau: "Lantana! Ina kika kai mini makullin Besfa?" Daga nesa wata murya mai ƙuruciya ta amsa, "Yana aljihunka, sarkin mantuwa!"

Hajiya ta yi dariya har ta jiƙa bakin mayafi. Ta kwance makullin daga haɓar zani, ta dubi 'ya'yanta, hannu ya tsaya a sama.

To, jama'a, Besfa ɗaya ce. Tsakanin mai ajiya, mai duba ciki da mai yatsu, a tafin wa za ta sa makullin?