Injin da Yake Sauka, Ba Ya Tashi

Akwai wani mutum mai jirgin ruwa, yana ƙetarar da mutane kogi ranar kasuwa. A bayan jirgin akwai inji, a jikin injin kuwa akwai famfon mai da yake ɗaga shi, yake kuma saukar da shi. In an zo inda ruwa ba zurfi, sai mutumin ya danna maɓalli, injin ya tashi sama daga ruwa, jirgi ya wuce bisa duwatsu da kututturai lafiya.

Wata rana ya danna, injin ya yi gurnani, ya tashi rabi, ya koma. Sauka kam yana sauka, tashi ne ya gagara. Sai ya kira makanike. Makaniken ya duba batir, ya bi wayoyi, duk lafiya lau. Da ya buɗe wurin man famfon, ga shi ya yi fari kamar nono.

Ya ce, "Maigida, robar ciki ta tsage. Mai yana fita, ruwa yana shiga. Sai an sauke injin daga jirgi an canja ta. Ka ga wannan notin na gefe? In famfo ya ƙi, shi ake kwancewa a ɗaga injin da hannu. Tsatsa ta fara cinsa, ka riƙa motsa shi."

Mutumin ya ce, "Gobe kasuwa. Ƙara mini mai kawai."

Aka ƙara, injin ya tashi, mutumin ya yi dariya. Daga nan kowace safiyar kasuwa sai ya tsiyaya mai ya kama hanya. Da Kirsimeti ta matso ma, ya sayi fenti ya shafe injin sama da ƙasa, har da notin nan, don nasa ya fi na kowa ƙyalli a bakin kogi. Ya kuwa fi.

Rani ya yi, ruwa ya ja baya. Ran nan ya cika jirgi da 'yan kasuwa da buhunansu, matarsa tana zaune a gaba da kwandon kifi. A tsakiyar kogi ta hango kawunan kututturai, ta yi ihu, "Baban yara, ɗaga! Ɗaga!"

Ya kashe injin, ya danna maɓalli. Gurnani kawai. Ruwa yana jansu. Ya ɗauki ƙarfe ya kama notin da dukan ƙarfinsa, amma fenti da tsatsa sun riga sun zama abu guda. Ƙafar injin da ke cikin ruwa ta maƙale a kututture, jirgin ya juya gefe, ya kife.

Masunta suka tsamo mutane da yawa, har da shi. Matarsa kuwa sai a garin da ke gangare aka ga gawarta. Da aka jawo injin daga ruwa, fentinsa yana nan yana ƙyalli.

Ma'anar wannan misali ita ce: injin nan zuciyar mutum ce. Gangarawa cikin zunubi ba ta mata wuya, tashi ne aikin. Tsagaggiyar robar ita ce zunubin da aka nuna maka, ka ce sai bayan kasuwa. Ƙarin mai shi ne zuwanka sujada ran Lahadi ka ɗan ji sanyi, alhali inda yake yoyo ba ka taɓa ba. Notin nan kuwa addu'a ce da tuba, waɗanda Ubangiji ya ba mu don ranar da ƙarfinmu ya ƙare. Abin da ba ka motsa shi a ranar lafiya, kada ka ɗauka zai juya maka a ranar masifa.

'Yan'uwa, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, mutumin nan bai nutse ba. Wadda take zaune a jirginsa, ta amince da shi, ita ta biya. Kai ma ba kai kaɗai kake cikin jirginka ba. Ka sauke injin a gyara shi yau, tun kana bakin kogi.