Tagar da Aka Rufe wa Baba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani gari, direban tankar mai, wanda duk unguwarsu in za a yi wa yaro faɗa da shi ake ba da misali. Shi ne auta a gidansu, kuma Auta kowa yake ce masa har ya tara gemu. Abin da ya jawo masa wannan yabo shi ne jinyar mahaifinsa.

Mahaifin nan dattijon kirki ne, ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba. In maƙwabta suka saɓa, wurinsa ake zuwa sulhu. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya kashe masa hannu da ƙafa, ya nauyaya masa harshe har da ƙyar yake fitar da kalma ɗaya. Aka ware masa wani ƙaramin ɗaki a ƙuryar gida, mai taga guda. Gado ne a ciki, da kujera, da fo a ƙarƙashin gadon.

Kullum da yamma in Auta ya ajiye mota, ɗakin nan yake wucewa. Shi ke juya tsohon, shi ke goge masa jiki, shi ke fitar da fo ya wanke. In ya gama sai ya ja ƙofa, ya ce Baba yana son hutawa, kada a dame su. Yayarsa, wadda take aure a bayan layinsu, takan ce ko ita ba za ta iya rabin abin da yake yi ba. Matarsa kuwa a gaban kowa take shi masa albarka.

To, me ake yi a bayan ƙofar nan? Tabar wiwi Auta yake sha.

Ya yi lissafinsa tsaf. A ɗakinsa matarsa za ta ji wari. A wurin aiki akwai idon manaja, a titi akwai idon jama'a. Amma a nan shaida ɗaya ne, shi ma ba shi da baki. Sai ya rufe taga ruf, ya saki labule, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ya kunna maganin sauro mai hayaƙi don ya ɓad da wari. Sannan ya zauna a kujera ya naɗa abarsa, ya yi ta busawa har ɗakin ya turnuƙe.

Tsohon yakan ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna taga, yana gurnani. Auta ya gane sarai abin da yake nufi. Amma sai ya kama hannun ya mayar cikin bargo, ya ce, "Haƙuri, Baba, iska za ta sa maka mura."

Ku lura, shi bai taɓa ɗaukar kansa mugu ba. Cewa yake a ransa, ni nake sha, ni zan amsa tambayata. Baba ai bai riƙe ba, bai zuƙa ba, ina ruwansa a ciki?

Mutanen gida dai sun ga tsohon ya canja, amma sun rasa gane kansa. Idanunsa kullum jajur, ga tari, ga barci kamar kasa. Yayar ta ce ƙarfin magani ne. Matar Auta ta ce tsufa ne kawai. Aka tambayi Auta, ya ce shi ma abin yana ɗaure masa kai.

Ana nan sai wata tankar kamfaninsu ta kife a hanya. Manaja ya tara direbobi ya ce daga yanzu kowa sai an yi masa gwajin fitsari, kuma duk wanda aka samu da alamar kayan maye ya ajiye mukulli. Auta kuwa ya san abin da za a samu a nasa. Aikin nan shi ne cinsa, shi ne maganin Baba, shi ne rufin asirinsa gaba ɗaya.

Ya shiga neman shawara a wurin 'yan uwansa masu busawa. Wannan ya ce ya yi ta ɗirkar ruwa. Wancan ya ce ruwa banza ne, lemon tsami ne magani. Wani ya ce abar tana fita daga jiki da wuri, wani ya rantse sai ta daɗe. Ya baro su kansa ya fi dā kullewa. Hanya ɗaya ce dai babu wanda ya ambata, wato ya daina, ya je ya faɗi gaskiya ya nemi taimako. Shi ma bai kawo ta a ransa ba.

Ku gafarce ni da ambaton ƙazanta a wurin nan, amma labarin ba ya tafiya sai da ita. Wata yamma yana riƙe da fon mahaifinsa zai zubar, sai ya tsaya cak. Shaiɗan ya raɗa masa: wa ya kai wannan tsohon tsarkin jiki a duk garin nan? Ga abin da kake nema a hannunka, kana zubarwa kullum.

Nan take hankalinsa ya kwanta. Da yake ya ga ya sami mafita, ranar jajibirin gwajin ya sha fiye da yadda ya taɓa sha. In wannan ta ƙare ya kunna wata, taga a rufe, tsumma a ƙofa, har shi kansa da ƙyar yake hango gadon. Tsohon ya nuna taga ya gaji, ya saki hannu.

Da safe ya ɗura fitsarin mahaifinsa a wata 'yar kwalbar magani, ya soke ta cikin safa don kada ta huce. Da layi ya zo kansa, malamin lafiya ya miƙa masa kofi. Ya shiga banɗaki ya juye kwalbar, ya fito yana ta ba'a da 'yan uwansa direbobi.

Ba a jima ba aka kira shi ofishin manaja. Aka ce an sami alamar wiwi.

Dariya ya fara yi, don ya zaci tsokana ce. Da ya ga babu mai tayawa sai ya ce a sake dubawa, sun haɗa nasa da na wani. Aka sake a gabansa, daga kofin da ya miƙa da hannunsa. Abin da ya fito dā shi ya sake fitowa. Kansa ya juye. Ya manta inda yake, ya manta abin da ya kamata ya ɓoye, ya ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, abin gwajin nan naku ƙarya yake yi. Wallahi wannan ba nawa ba ne, na Babana ne, kuma Babana ko sigari..."

Sai a nan ya farga. Ƙofar ofis a buɗe take, direbobi suna tsaye a layi, kowa ya ji. Ba sai an tsananta bincike ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka sa ya ba da nasa na gaskiya, aka sami abin da ake zato, aka karɓe mukulli.

Amma ko a lokacin ba korar ce ta fi damunsa ba, ruɗani ne. Yana tsaye a bakin ƙofar kamfani yana ta saƙa da warwara. Ko dai Baba yana sha a ɓoye? Da wane hannun zai naɗa? Ko wani maƙiyi ne ya yi masa asiri? Ko kwalbar ce ba ta wanku ba? Da malamin lafiya ya fito, sai ya tare shi ya tambaye shi ko mutumin da bai taɓa sha ba zai iya nuna alama.

Malamin ya ce ba kasafai ba. Wanda ya wuce masu sha a titi, ko ya zauna kusa da su a fili, da wuya a ga komai a jikinsa. Amma in an kulle mutum a ƙaramin ɗaki babu iska, hayaƙi ya yi kauri, ya daɗe yana shaƙa, aka kuma gwada ba da jimawa ba, to ana iya gani. Sannan ya dube shi ya ce, "Ɗakin da tsohon yake kwana, babu taga ne?"

Auta ya juya ya kama hanya.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi, kuma kun san yadda labari yake tafiya, rabi ake ɗauka a bar rabi. Abin da ya zaga unguwa shi ne, ashe dattijon nan mai yi wa mutane sulhu yana busawa a kwance. Wasu suka ce haba, wasu suka ce mutum ai ba a shaidarsa. Sunan da tsohon ya yi shekaru yana ginawa ya zama abin dariya a bakin marasa kunya.

Yayar ta zo ta faɗa ɗakin ba sallama. Ta ga tsumman ƙofa, ta shinshina labule, ta ja gado ta ga toka da guntaye a bayansa. Ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta ce, "Auta, mu muna waje muna sa maka albarka, kai kana ciki kana turara mana uba?" Ta aika aka kira mijinta, suka ce da tsohon za su tafi.

Da aka cicciɓo shi za a fita, Auta ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka, yana cewa Baba ya yafe masa. Tsohon ya dube shi. Ya yi ta kokawa da harshensa. Da ƙyar ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna cikin ɗakin, ya ce, "Taga."

Aka fita da shi. Auta ya tashi ya je ya buɗe tagar, iska ta shigo ta sami gado babu kowa.

Wannan ita ce kalma ta ƙarshe da ya ji daga bakin mahaifinsa, don tsohon bai daɗe a gidan 'yarsa ba Allah ya karɓi abinsa. Babu kamfanin da ya sake ba Auta mota. Matarsa ta koma gidansu, ta ce ba za ta iya zama da mutumin da ya yi wa ubansa haka ba. Har yau in ya sami mai saurarensa, tambayarsa ɗaya ce: da Baba ya ce taga, yafe masa ya yi ko kuwa tuna masa ya yi? Babu mai amsar, wanda ya sani yana cikin ƙasa.

Ya 'yan uwa, wa ya gaya mana zunubi yana tsayawa a kan mai shi kaɗai? Mutumin nan ya ce shi yake sha, shi zai amsa. Ga shi a jikin wanda bai taɓa sha ba aka karanta laifinsa. Dabarar da ya yi don ya rufa wa kansa asiri, ita ta tona shi, da bakinsa kuma. Ya wanke fo mutane suna gani, ya hana ubansa numfashi babu mai gani, ya manta da Wanda ba a rufe wa ƙofa.

Kowa a cikinmu ya duba gidansa. Wa yake shaƙar abin da kake kunnawa? Matarka ce, ko 'ya'yanka, ko tsohon da ba ya iya yi maka musu? In akwai wanda yake nuna maka taga, tashi ka buɗe tun yana da hannun nunawa.

Allah ya tsare mu da cutar da waɗanda aka ba mu amanarsu, ya sa mu rabu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.