Haƙoran Akuyar Tasalla

An yi wani sarki a Birnin Tsauni, ana ce masa Jatau, wanda a zamaninsa ni Tasalla, dillaliyar awaki, na rasa sulusin gadon mijina, na kuma samo wa talakawa doka.

Da na fita takaba, na kai kuɗin wuri dubu sittin ajiya wurin Alhaji Tanimu, mai riƙe dukiyar jama'a. Ya miƙo takarda na dangwala yatsa, don iyakar karatuna Fatiha. Shekara ta kewayo, sai ya ba ni dubu arba'in, wai saura ya tafi a ladan tsaro da ladan ƙirga da ladan rubutu. Kwana tara ban zauna ba, daga mai unguwa zuwa alƙali, kowa ya ce ai yatsana ne, har na dangana da fada.

Da na gama kai kukana, Sarki ya dubi Waziri Hamisu ya ce, "Wanda ya amince da abin da bai ji ba, ya amince ko bai amince ba?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in aka warware takarda ɗaya yau, gobe babu alkawarin da zai tsaya a ƙasar nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga akuyata a ƙofar fada, zan sayar wa Waziri, bisa sharaɗin ba zai buɗe bakinta ba."

Waziri ya ce, "Haba Iya, wa ke sayen dabba bai duba haƙori ba?"

Na ce, "To ni wa ya buɗe mini bakin takardar? A kasuwarmu wanda ya ɓoye aibi, ko an sallama, ana dawo masa da abinsa."

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce hujjata ta rinjayi tasa. Sarki ya hukunta cewa daga ranar nan ba a dangwala yatsa sai an karanta takarda a bayyane gaban shaidu biyu, an ambaci kowane lada da sunansa. Ya ce, "Adalci shi ne mai rauni ya ga abin da mai ƙarfi ya gani kafin a ƙulla."

Amma fa wai doka ba ta komawa baya, dubu ashirin ɗina sun tafi. Sarki ya ce zai ba ni kyauta, na ce ni ba bara na zo ba, sai dai ya sayi akuyar. Na gaya masa tsohuwa ce, haƙori biyu suka rage mata. Ya taya dubu biyar, na ce albarka. Ya taya goma, na ja igiyata. Na sallama a dubu goma sha uku, ban da igiya.