Kurege da Gonar Jarirai

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To madalla, ku matso kusa. Wannan a wani zango na ji ta, shekarun da nake yawon neman karatu. Mai ba ni labarin sunansa ya shige mini, amma na tuna yana da akuya mai ƙaho ɗaya.

Wai akwai wani kwari da Allah ya yi wa arziki. Ga ruwa, ga kifi, ga ƙasa baƙa wul, ga giginya tsaye rututu har ido ya gaji. Dabbobi suka ji labari, suka yi ta zuwa. Wanda ya zo ya ci 'ya'yan giginya, ya sare guda ya yi azarar ɗaki, ya yi tabarma da ganyen, ya aika a kira danginsa. Gari ya cika, aka yi ta haihuwa.

Mai garin wata tsohuwar Kunkuru ce, ana ce mata Magajiya. Wata rana ta tara jama'a ta ce, "Kullum baki ƙaruwa yake, giginya kuwa raguwa take. Ita giginya, wanda ya shuka ba shi ke rufa ɗaki da ita ba, jikansa ne. Daga yau duk jaririn da aka haifa, ran suna a binne masa ƙwallon giginya guda a bayan gari. Kada kowa ya tona."

Aka ce an ji. Aka kira wurin Gonar Jarirai.

To ku kun sani, ƙwallon giginya in ya kwana biyu a ƙasa sai ya saki wani farin tsiro mai gardi. Shi ne muruci. In an bar shi ya zama itace. In an tona an dafa, ya zama daɗin baki na yini ɗaya.

Ana nan sai ga Kurege, ba kaya ba guzuri, sai jela. Ya bi ta bayan gari, ya shaƙi iska, ya tsaya cik. Ya sake shaƙa. Sai ya nufi gidan Magajiya ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, na ga gonar marayun nan ba mai tsaro, hawaye ya zubo mini."

Ta ce, "Ba marayu ba ne, iyayensu na nan."

Ya ce, "Shi ya fi ban tausayi. A ba ni tsaronta, ba na son lada."

Aka ba shi.

Duk tsakar rana, in gari ya shiga inuwa, sai Kurege ya tona guda, ya dafa, ya cinye, ya yanko ɗanyen ganyen giginya ya soka a gurbin. Mai wucewa ya ga kore ya ce, "Kai, ta ɗana ta fito!" In ganye ya bushe ya sauya wani. Ya tona, ya dafa, ya soka ganye. Ya tona, ya dafa, ya soka ganye.

In ya ji guɗa a gari sai ya riga kowa zuwa barka. Matar Zomo ta haifi bakwai a ciki ɗaya, Kurege ya yi ta rawa har maijego ta ce, "Malam, ko kai ne uban?"

Ya ce, "Ni dai ina son yara, uwar gida. Allah ya ƙaro."

Duk da haka bai ƙoshi ba. In giginya ta zubar da 'ya'ya sai ya mirgino ƙwallon ya kai bayan suri ya binne, ya kai bakin rafi ya binne, ya kai ƙarƙashin ƙaya ya binne, yana cewa, "Wannan nawa ne ni kaɗai, ranar da gona ta ƙare." Ya ɓoye nan, ya ɓoye can, ya share sawu da jela. Sai ya koma gona, don ta fi kusa da tukunya.

Damina uku aka yi haka. Ko huɗu? Mu bar ta uku.

Magajiya ta zo zagaye, ta yi kwana biyu a hanya don tafiyarta kun san ta. Ta dubi gona ta ce, "Kurege, damina uku, ba wadda ta ƙara ko ɗan yatsa?"

Ya ce, "Kunya suke ji, ranki ya daɗe. In an zuba musu ido ba sa girma."

Ta dube shi, ta dubi tumbinsa, ta juya gida.

Sai Barewa ta haihu. A'a, ku dakata, ba Barewa ba ce, Giwa ce, don hancin ne ya jawo maganar. Giwa ta haihu, aka binne wa ɗanta ƙwallo, watanni suka wuce, ta zo ganin tsiron. Kurege ya nuna mata. Ta sunkuya don ta shinshina, ta ja numfashi, sai ganye ya tashi fit ya shige hancinta. Ta yi atishawa. Ganyen gona duka suka kwanta, ba mai saiwa ko guda.

Gari ya fashe da kuka. Matar Zomo ta bi ramuka bakwai tana leƙawa, ba komai sai ɓawo. Jaki ya ce, "Tsofaffin itatuwa mun sare rabi, sababbi babu. 'Ya'yanmu da me za su rufa ɗaki? Ni na tashi." Ya fara ɗaure kaya. Wasu suka bi shi.

Magajiya ta hau kan suri ta ce, "Ba inda za a je. Can ɗin da za ku, haka za ku cinye shi ku sake tashi. In yau za a fara daga ƙwallo ɗaya, ni zan binne shi da hannuna, in zauna in jira shi. Ku sauke kaya."

Jaki ya ce, "Inna, shekara uku ta tafi a cikin wannan ɗan banza. Yara kuwa ba su jira ba, girma suke."

Kura ta taka jelar Kurege ta ce, "A ba ni shi. Ko ba komai murucin ya dawo hannun jama'a."

Kurege ya ga haƙora, sai bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce, "Haba Yaya Kura! Wa ya ce ci na yi? Sauya musu wuri na yi! Giginya ba ta son matsi, ku kuwa kun jera su kamar ƙwai a kwando. Na kai kowace inda za ta sake."

Magajiya ta ce, "Ina?"

Nan fa ɗaya. Kurege ya laluba kansa, bai tuna ko wuri guda ba. Ya ce, "Da nisa."

Ta ce, "Kura, raka shi. In rana ta faɗi bai nuna ba, naki ne."

Suka tafi, jama'a na biye. Kurege ya yi gabas, ba komai. Ya yi kudu, ba komai. Kura na cewa, "Yi a hankali, ƙanena, kada ka rame." Ya ce a ransa, yau ko ƙafa za ta gutsure sai na samo. Ya ratsa ƙaya, ya ratsa laka, rana ta karkata, ya faɗi bayan wani suri yana haki. Sai wani abu ya soke shi a gindi. Ya waiga. 'Yar giginya ce, ganye uku, kore shar.

Ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya ce, "Yauwa. Wannan ta ɗan Giwa ce."

Giwa ta ce, "Ɗana bai shekara ba, wannan kuwa ta yi uku."

Ya ce, "Ta gado girman uwar ne."

Ya ɗaga ido, ga wata can bakin rafi, ga wata ƙarƙashin ƙaya, ga wasu sun bi kwari har inda ba a taɓa zama ba. Duk abin da ya ɓoye ya manta, ƙasa ba ta manta ba. Ya yi ta gudu yana raba suna. "Ta Zomo! Ta Zomo! Ita ma ta Zomo!" Aka ba kowane yaro tasa, har aka rage wa waɗanda ke cikin uwayensu. Jaki ya kwance kayansa, ya ce shi dama gyara ɗaurin yake yi.

Sai da kowa ya watse Magajiya ta iso. Kurege ya ce, "Kin ga aiki, ranki ya daɗe?"

Ta ce, "Na gani. Na kuma ga ɓawo bayan bukkarka. Mantawa ka yi."

Kurege ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Daga bana, duk ƙwallon da ya faɗo kai za ka mirgina, kai za ka binne, nesa-nesa kamar yadda ka iya. Kura za ta riƙa raka ka, ta maido ka ta wata hanya dabam. Tukunyarka kuwa ta zauna a gidana."

Ya ce, "To ladana fa?"

Ta ce, "Ai ka ce ba ka son lada. Jeka, Allah ya ƙara maka mantuwa."

Garin na nan yana yaɗo, itace na gaba, ɗakuna na biye. Shi ya sa har yau za ku ga kurege ya binne abu, ya dawo ya tsaya da ƙafa biyu yana waige-waige. Ni ma ɗazu haka na yi da carbina, ashe yana wuyana.

Kurunkus, kan kurege da jelarsa. Darasin kuwa shi ne: in garinku ya zama dole ya yi ɓarawo, ku roƙi Allah ya ba ku mai mantuwa. Ba don hancin Giwa ba, da har yanzu ana yi wa busasshen ganye barka.