Dagaci Nomau da Mabuɗin Madatsa

Masu hikima sun ce ruwa ba ya tsami banza. Na madatsar Kwarin Gamji bai ma sami zarafin yin tsamin ba, domin ya kusa ƙarewa. 'Yan lambu na ja, makiyaya na ja, marina na ɗiba. Dagaci Nomau ya gaji da rabon faɗa, ya ƙudura danƙa mabuɗin madatsar a hannun mutum ɗaya ya huta. Ya tafi bakin ruwa ya shaida wa tsohon zalɓe, mai ba shi shawara.

Zalɓe ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ka ji labarin malamin da aka ba dukkan ruwan gari?"

"Ban ji ba."

"An yi wani gari da suka haɗa rijiya da rafi da tafki suka ba wani malami mai adalci. Ko guga ba a zurawa sai da izininsa. Ran nan wani mai lambu ya zo ya ce, 'Allah gafarta malam, albasata na jin ƙishi.' Malam ya ce, 'Dakata in auna haƙƙin shanu da na kifi. Kafin nan, ji labarin 'yan'uwa uku, ka san dalilin naɗa ni. Sun gaji rijiya, kowa da gugansa. Kowa ya yi ta ƙara igiya, kada ɗan'uwa ya riga shi. Yasa kuwa ba ta faɗo a rabon kowa ba, don haka ba wanda ya yashe ta. Da ta ƙafe, suka raba igiyoyin cikin lumana.' Mai lambu ya ce, 'Labari ya yi ma'ana, malam. Sai dai tun kana bisimillarsa albasar ta riga mu gidan gaskiya.'"

Dagaci ya ce, "Wato ka hana ni ɗaya, ka hana ni uku."

Zalɓe ya sauya ƙafa, ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannu goma ma ba sa ɗauka in kowa ya nufi gidansu. Bar wa kowa gugansa, shi ya san ƙishinsa. Amma yasa da rabon kwanaki, wannan sai an zauna a tabarma ɗaya."

Dagaci ya ce, "Na karɓa." Ya mayar da mabuɗi aljihu, ya aika a kira Sarkin Noma da Arɗo da Sarkin Marina, su hallara ranar Laraba.

Ranar Talata aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar Laraba ba wanda ya zo.