Ƙofar da Take Rufewa Bayan Addu'ar Safe

Akwai wani mutum da aka danƙa wa riƙon na'urar saƙonni a wani babban asibitin mishan. Wannan na'ura, wadda ma'aikata suke kira saba, ita ce ƙofar da kowane imel yake bi, na shiga da na fita. In likita yana jiran sakamakon gwajin jini, ta nan zai zo. In ɗakin magani zai yi oda, ta nan za a aika. Mutumin kuwa ya san aikinsa, ba mai musun wannan. Aibinsa ɗaya ne: ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tambayi kansa me kake nema.

Ba haka aka haife shi ba. Wata shekara ɓarayin intanet suka yi ta gwada kalmomin sirri har suka kutsa cikin na'urar, suka yi ɓarna, aka yi masa faɗa a gaban jama'a. Tun daga ranar ya ƙudura ba za a sake ba. Ya kafa wa na'urar doka, cewa in aka ƙwanƙwasa mata da yawa a lokaci guda daga wuri ɗaya, ta ɗauka ɓarawo ne, ta rufe ƙofa sai rana ta yi tsaka. Bai gaya wa kowa ba. Shekaru suka wuce, asibiti ya bunƙasa, ma'aikata suka ƙaru, shi kansa ya manta da dokar.

Ana nan sai saƙonni suka fara tsayawa. Kowace safiya sai haɗin na'urar ya yanke, likitoci su yi ta kai da kawowa, marasa lafiya na zaune a benci suna jiran sakamakon da bai iso ba. Mutumin ya zargi kamfanin intanet, suka zo suka duba, ba su ga komai ba. Ya zargi ɓeraye, ya bi wayoyi har cikin silin, ya fito da ƙura a ka. Da abin zargi ya ƙare masa a cikin kaya, sai ya juya kan mutane.

Yana da aboki a wurin, sunansa Irimiya, mai gyaran kwamfutoci. Tare suke cin abincin rana, tare suke tsayawa a ƙungiyar mawaƙa ranar Lahadi. Tun da matsalar ta fara, Irimiya yakan leƙo ɗakin na'ura da safe ya tambaya ko akwai abin da zai taimaka da shi. Mutumin yakan ce babu, ya tura ƙofa. A zuciyarsa kuwa yana cewa, me ya sa kullum yake nan daidai lokacin da abin yake lalacewa? Ashe kujerata yake so.

Zargin ya yi ta cinsa har ya kai shi ofishin shugaban asibiti. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce shi ne ba. Amma a lura da Irimiya."

Shugaba ya riga ya gaji da ƙorafin likitoci, sai ya dakatar da Irimiya har a gama bincike. Kafin yamma maganar ta kai kasuwa, an kuma ƙara mata gishiri, wai an kama shi yana sayar da asirin marasa lafiya.

Al'adar asibitin ce kowace safiya ma'aikata duka su taru a ɗakin sujada kafin a fara aiki. Washegari mutumin ya ƙi zuwa, ya zauna gaban na'urar yana jiran ya ga lafiyarta, tun da a ganinsa an kori mai laifi. Komai yana tafiya daidai. Can ya ji an ce amin, ya ji takun jama'a a baranda, ya ji ana jan kujeru a ofisoshi. Kowa ya zauna, kowa ya buɗe imel a lokaci guda. Asibitin kuwa duka ta layin intanet ɗaya yake fita, don haka na'urar ta ga taron nan kamar mutum guda mai dukan ƙofa da ƙarfi. A kan idonsa ta rufe. Sai ya tuna da dokarsa.

Cire dokar bai ɗauke shi lokacin shan kofin shayi ba. Ya je ya faɗa wa shugaba gaskiya, da yamma kuma ya tafi gidan Irimiya da kunya mai nauyi. Irimiya ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya saurare shi har ya gama.

"Na yafe maka, ɗan'uwa," in ji shi. "Amma matata ta je kasuwa yau, ta dawo tana kuka. Kai mutum ɗaya ka gaya wa zarginka, ga shi ya cika gari. Yanzu wa zai bi gari gida gida ya ce ƙarya ne?"

Mutumin ya tashi ya kama hanyar gida. Irimiya ya koma aiki, yana gaishe shi da ladabi in sun haɗu, amma bai ƙara tambayarsa ko yana bukatar taimako ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Na'urar ita ce zuciyarka. Dokar da aka kafa aka manta ita ce rantsuwar da ka yi ranar da wani ya cuce ka, da ka ce ba za ka ƙara yarda da kowa ba. Wanda ya cuce ka ya daɗe da tafiya, amma dokar tana nan tana aiki, kuma waɗanda take korewa yanzu su ne matarka, da 'ya'yanka, da 'yan'uwa a ikkilisiya da suka zo maka da alheri. Idan zumunci ya yanke tsakaninka da mutane, kada ka yi saurin neman mai laifi a waje. Ka durƙusa tukuna ka roƙi Ubangiji ya nuna maka abin da kai ka kulle da hannunka. Allah yana gafarta zargi in mun tuba, ɗan'uwa ma yana iya gafartawa. Amma sunan da ka ɓata da bakinka, wani ne zai yi ta yawo da shi a gari.